Me ya sa zanen Yesu da Maryamu ya yi kama da Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani tsohon zane na ƙasar Italiya da ke nuna Nana Maryam riƙe da jariri, fatarta fara, mayafinta shuɗi, kuma a da'irar hasken da ke kewaye da kanta akwai wani abu mai kama da rubutun Larabci. Me ya sa Kiristocin wancan zamani suke zana waɗanda suke girmamawa, kuma me ya sa suka fito da kamannin Turawa alhali a Falasɗinu suka rayu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Irin zanen da ka gani na zamanin da masana tarihi ke kira Zamanin Farfaɗowa ne, wanda ya bunƙasa a biranen Italiya tsakanin ƙarni na 14 da na 16. A lokacin galibin masu zuwa coci ba su iya karatu ba, ibada kuma da Latinanci ake yin ta, saboda haka bangon coci ne ya zama littafin talaka. Hujjar ta daɗe, domin tun wajen shekara ta 600 Fafaroma Gregory ya rubuta wa wani bishop, wato babban limamin coci, da ya farfasa hotuna cewa abin da rubutu ke yi wa mai karatu shi zane ke yi wa wanda bai yi karatu ba, muddin ba a bauta masa ba. Shi ya sa labaran kusan guda ne a ko'ina: bisharar mala'ika Jibrilu ga Maryamu, haihuwar Yesu, jibin ƙarshe da almajiransa, gicciyewa da tashi daga matattu kamar yadda Kiristoci suka yi imani, sai kuma ranar hisabi.

Su kansu Kiristocin ba bakinsu ɗaya ba ne a kan wannan. A 1566 mabiya ɗarikar Furotesta sun farfasa hotuna da gumaka a majami'un ƙasar Holan, suna ganin abin ya kusanci bautar gumaka, yayin da taron majalisar Katolika na garin Trent ya tabbatar a 1563 cewa zane ya halatta, da sharaɗin a kiyaye ladabi. Bayan wannan hukunci ne aka sa wani mai zane ya suturta tsiraicin da ke cikin zanen Ranar Hisabi na shahararren mai zane Michelangelo a fadar Batikan.

Game da kamanni, abin da nake so ka riƙe shi ne babu ɗaya daga cikin Linjila huɗu da ta siffanta fuskar Yesu ko ta mahaifiyarsa. Mai zane ya zo fiye da shekara 1,300 bayan zamaninsu, don haka abin da ya gada daga magabata da fuskokin mutanen garinsu su ne jarinsa. Burinsa shi ne mai kallo ya ji kamar abin a gabansa ya faru, shi ya sa za ka ga tuddan Italiya a bayan Maryamu, da tufafin attajiran birnin Fulorens na Italiya a jikin mutanen Baitalami. Masu kuɗi da iko ma suna da tasiri: wajen 1475 mai zane Botticelli ya sa fuskokin iyalan Medici, manyan masu banki na Fulorens, a jikin masanan gabas da suka kawo wa jaririn kyauta. A ganina kuskure ne a ɗauki waɗannan zane-zane a matsayin hoton tarihi, kuma abin takaici ne yadda yawan buga su ya sa mutane da dama suka zaci haka kamannin suke.

Shuɗin mayafin kuwa alamar girmamawa ce da ake biya da tsada. Ana samun launin ne daga wani dutse mai daraja da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, ya bi hannun fatake har birnin Benis na Italiya, kuma saboda tsadarsa akan rubuta shi a yarjejeniyar aiki, a keɓe shi ga tufar Maryamu.

Rubutun da ka lura da shi ma idonka bai yaudare ka ba. Fitaccen misali shi ne zanen da Gentile da Fabriano ya kammala a 1423 domin attajiri Palla Strozzi, zanen da yanzu yake gidan tarihi na Uffizi a Fulorens. Yadudduka da tasoshin tagulla masu rubutun Larabci suna shigowa Italiya daga Masar da Sham a zamanin daular Musulunci ta Mamluk, ana kallonsu a matsayin kayan alfarma, masu zane kuma suna danganta wannan rubutu da Ƙasa Mai Tsarki, wato Falasɗinu. Sai suka kwaikwayi siffar haruffan ba tare da sun san harshen ba, shi ya sa idan ka ƙura wa da'irar ido za ka gane alif da lam nan da can, amma da wuya ka haɗa jimla mai ma'ana.