Oyilsil ba shi da laifi

Abu biyu ka tambaye ni: me ya sa shokozobar gaban tsohon babur ɗin nan ta koma yoyo bayan ka sa mata sabon oyilsil makon jiya, da kuma ko ka ɗura mata baƙin mai mai kauri, tunda mai shi yana kukan gaban na nutsewa da ya matsa burki. Ajiye sifanar, ɗana, matso kusa.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Oyilsil roba ne kawai, aikinsa ya rungumi sandar shokozoba mai santsi, ya hana mai fita. Miƙo hannunka, bi sandar nan da farce daidai inda take shiga da fita. Ka ji inda ya ɗan maƙale? Tsatsa ce ta huda kurom, wato shafen nan mai ƙyalli na jikin sandar, bakin hudar kuwa kaifi gare shi kamar reza. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya yanki leɓen robar. Ko goma ka sa, goman zai ci. In ɗigon ƙanƙane ne, kashe kaifin da sanfefa mai laushi, lamba 1000 ko sama, da ɗan mai, kana kewaya sandar, ba sama da ƙasa ba. In ya yi zurfi, sandar ta gama aiki, kada ka ji nauyin faɗa wa mai babur.

Daga nan mirgina ta a kan gilashi. Muddin tana tsalle, ta lanƙwashe. Littattafan gyara da yawa ba sa yarda karkatar ta wuce milimita 0.2. Duba bushin kuma, wato zoben da sandar ke zamewa a cikinsa. Cikinsa akwai shafe mai ruwan toka, in ka ga jan ƙarfe ya leƙo to ya cinye, sanda za ta riƙa rawa tana buɗe bakin oyilsil. Ina yaro na taɓa sa oyilsil sau uku a babur ɗaya kafin maigidana ya girgiza ƙafar shokozobar a gabana, na ji tana ƙwas-ƙwas. Har yau ban manta ƙarar nan ba.

Wajen kwancewa, sassauta murfin sama tun sandar tana jikin babur, bayan ka saki notin da ya matse ta a sama. Notin ƙasan mai alanki kuma sassauta shi kafin ka cire sifirin, don sifirin ne ke danne siririn bututun da ke ciki ya hana shi juyawa. Wanke komai tas, canza washar jan ƙarfen, rufe kan sandar da leda kafin ka zura sabon oyilsil, rubutunsa yana kallon sama.

Yanzu maganar mai, wadda ita ce ta fi damuna. Irin wannan tsohuwar shokozoba, cikinta akwai wani siririn bututu mai huji, ta nan mai ke kurɗawa. Hujin nan ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Motsi a hankali, irin na burki, man wucewa yake salin-alin, shi ya sa gaba ke nutsewa. Amma in taya ta daki dutse, saurin ya ninka biyu, turjiyar man takan ninka kusan huɗu, sai shokozoba ta ƙage, dukan ya hau hannun matuƙi. Ka ƙara kauri, nutsewar ta ɗan ragu, amma tayar ta riƙa tashi daga ƙasa a kan gargada, taya a iska kuwa ba ta da burki. Ran mutum ne a kai. Sa man shokozoba na ainihi, mai lambar kauri 10W ko 15W, yadda littafin babur ɗin ya ce. Auna shi daga bakin sanda, sifirin a waje, ƙafar a danne har ƙasa, bayan ka yi ta famfo kumfa ya fita. Ƙafafun biyu su zo daidai.

Nauyi kuwa sifirin ke ɗauka, ba mai ba. Auna tsawonsa, in ya gaza abin da littafi ya rubuta, ya gaji. Sa sabo daidai nauyin mai babur. In ya hau ya zauna, gaban ya sauka kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozobar. Cusa guntun bututu a saman sifirin ɗaga gaban kawai yake yi, ba ya ƙara masa ƙarfi.

In yana son gyaran da ya wuce haka, akwai ɗan bawul da ake ɗorawa a kan bututun, irin wanda kamfanin Race Tech ke yi. Sai a faɗaɗa tsoffin hujojin ƙasa, bawul ɗin ya karɓi aikin: ya riƙe a burki, ya buɗe a rami. Wannan tare za mu yi.

In ka mayar da taya, kada ka ɗaure notocin da ke matse aksil sai ka riƙe burki ka danna gaban sau biyar ko shida, ƙafafun su daidaita kansu. Je ka ɗauko gilashin, mu fara da ta hagu.