Shin tirjiyar Yahudawa a labaran yaƙi ƙagen marubuta ce?

Tambaya: Malam, ni malamar adabi ce a makarantar sakandare. Na karanta wani ƙagaggen labari da aka gina kan Yaƙin Duniya na Biyu, inda matasan Yahudawa suke buga jarida a ɓoye, daga baya suka ɗauki makami suka fuskanci sojojin Jamus. Na so in ba ɗalibaina, amma wani abokin aikina ya ce farfaganda ce, wai Yahudawa ba su taɓa tirjewa ba, marubuta ne suka ƙaga musu jarumta. Ina tsoron in koyar da yara ƙarya.

Amsa: Malama, kin san cewa marubuci yana da 'yancin ƙirƙirar taurarinsa da maganganunsu, don haka ba zan tsaya a kan wannan ba. Maganar abokin aikinki ce ta dame ni, domin ina yawan cin karo da ita, har daga bakin masu ilimi, kuma ba ta da tushe ko kaɗan.

A ranar 19 ga Afrilu 1943 sojojin Jamus suka shiga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw, babban birnin Poland, don kwashe waɗanda suka rage, sai mayaƙa kimanin 750, yawancinsu matasa masu ƙananan bindigogi da kwalaben fetur, suka buɗe musu wuta. Ba a gama murƙushe su ba sai 16 ga Mayu, bayan an bi unguwar gida-gida ana cinna mata wuta. Shaidar wannan ba daga marubutan labari ta fito ba. Kwamandan Jamus ɗin da kansa, Jürgen Stroop, ya rubuta rahoto da hotuna yana alfahari da aikinsa, kuma an gabatar da rahoton a shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin 'yan Nazi bayan yaƙin. A watan Agusta na shekarar fursunoni suka yi bore a sansanin kisan gilla na Treblinka, a watan Oktoba kuma a na Sobibor, inda kimanin mutum 300 suka tsere. A dazukan Belarus, 'yan'uwan gidan Bielski sun tserar da fiye da mutum 1,200.

Masu yaɗa wannan magana sukan ce, to me ya sa mutane da yawa suka shiga jiragen ƙasa da suka kai su sansanonin kisa ba gardama? A nan farfagandar gaskiya take, kuma ta 'yan Nazi ce. An gaya wa mutanen Warsaw a 1942 cewa za a mayar da su gabas ne su yi aiki, aka yi wa duk wanda ya kai kansa tasha alkawarin kilo 3 na burodi, alhali yunwa tana kashe dubbai a unguwar kowane wata. A Treblinka an gina tashar jirgi ta bogi, har da agogon da aka zana da fenti, don kada masu sauka su gane inda aka kawo su. Uwar da take riƙe da yara masu jin yunwa, ba ta da makami, an kuma yaudare ta da gangan, wane mai adalci ne zai kira ta matsoraciya? Wanda ya faɗi haka yana ƙarasa wa Goebbels, ministan farfagandar 'yan Nazi, aikinsa ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin takaici shi ne, mutanen da suke kiran tarihin da aka tabbatar ƙage su ne kuma suke tura wa jama'a a WhatsApp takardar nan da ake cewa yarjejeniyar dattawan Yahudawa ce, wadda aka fara bugawa a Rasha a 1903, jaridar The Times ta Landan kuma ta fallasa a 1921 cewa jabu ce. Na san da yawa daga cikinsu halin da Falasɗinawa suke ciki ne yake ƙona musu zuciya, amma tausayin wanda ake zalunta yau bai halatta yin ƙarya a kan wanda aka zalunta jiya ba.

Game da jaridun ɓoye kuwa, an buga su da dama a Warsaw, kuma kwafinsu yana cikin takardun da masanin tarihi Emanuel Ringelblum da abokan aikinsa suka tattara suka binne a akwatunan ƙarfe da garewanin madara, aka tono su a 1946 da 1950.

Ki ba ɗalibanki littafin, amma ki duba shi ta ɗaya ɓangaren, domin kuskuren da irin waɗannan labarai suka fi yi shi ne ƙawata ƙarshe don mai karatu ya ji daɗi. Boren Warsaw bai ceci unguwar ba, jagoransa Mordechai Anielewicz ya mutu a maɓoyarsu ranar 8 ga Mayu 1943, kuma yawancin mayaƙan sun san tun farko cewa ba za su tsira ba. Idan littafin ya nuna sun yi nasara a fagen yaƙi, ki gyara wa yaran wannan a aji, ki kuma sa su raba sunaye da ranakun da tarihi ya tabbatar da waɗanda marubucin ya ƙirƙira.