Bishop a Jamus ta dā, coci kaɗai yake riƙe?

Malam, kan tambayarka: a'a, wasunsu har ƙasa suke mulka. Dubi Nikolaus ɗan garin Kues, a bakin kogin Mosel, wanda aka haifa a 1401. A 1450 Fafaroma ya naɗa shi bishop na Brixen, wani gari a yankin Tirol wanda bishop ɗinsa ke mulkin ƙasa, alhali malaman cocin can sun riga sun zaɓi nasu. Daga nan ya yi ta takun saƙa da Sigismund mai mulkin Tirol, har a 1460 Sigismund ya kewaye shi da sojoji a garin Bruneck, ya tsare shi. Ni abin da ya fi burge ni shi ne gidan da ya gina wa tsofaffi matalauta 33 a Kues, wanda har yau yake aiki, littattafansa na ciki. Ya rasu a Todi, Italiya, a 1464.