Ɗaukar makaɗa tamanin: daga ina ake farawa?

Ka tambaye ni game da faifan simfoni (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) na 1 da na 3 na Florence Price, Ba'amurkiya mai tsara kiɗa, wanda ƙungiyar makaɗan Filadelfiya ta fitar a 2021 ƙarƙashin jagorancin Yannick Nézet-Séguin: yaya ake ɗaukar sautin makaɗa kusan tamanin, ganga ba ta danne goge ba? Ko kowa da makirufonsa?

A'a, ɗana. Ɗakin ake fara ɗauka, ba mutum ɗai-ɗai ba. Tsarin da aka fi sani shi ne na kamfanin faifai na Decca: makirufo uku masu jin kowane ɓangare, a saman jagora, tsayin kamar mita 3. Na hagu da na dama tazararsu mita 2, na tsakiya ya yi gaba da mita ɗaya da rabi. Ka saurari waɗannan ukun su kaɗai tukuna. In ba su yi daɗi ba, matsar da sandar da ke riƙe da su, kada ka taɓa na'urar haɗa sauti.

Sannan ka ƙara na kusa ga masu sarewa da ganguna, kaɗan-kaɗan. Nan yara ke ɓata aiki. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka makirufon da ke gaban ganga yana jin bugu kafin na sama. In ka haɗa su haka, gangar za ta tsallako gaban kowa, amonta kuma ya sirance. Auna tazarar da ke tsakanin na kusa da na sama, ka jinkirta na kusa da milisakan 3 (kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa) a kowace mita. Price ta sa gangunan Afirka a simfoni na 1, har a ƙarƙashin masu busa ƙaho a kashi na biyu, mai tafiya a hankali, kuma daga bayan dandali ya kamata a ji su.

Saita na'urar ɗauka a bit 24 (ma'aunin ingancin ɗaukar), mafi ƙarfin bugu ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti, inda sifili ne iyaka. Kwamfuresa kuwa, mai danne sauti mai ƙarfi, bar ta a kashe.

Wahalar ɗaukar kiɗan mawallafiyar da aka manta, irin Price, daban ce. An fara kaɗa simfoninta na 1 a Chicago a 1933, ta rasu a 1953, kuma sai a 2009 aka tsinci tarin rubuce-rubucenta a wani tsohon gida a jihar Illinois. Irin wannan kiɗa kunnenka bai saba da shi ba, kuskuren mai kwafe takarda zai iya wuce ka. Saboda haka ka zauna da takardar kiɗan da fensir, duk layin da ka yi shakka ka sa alama, ka tambayi jagora kafin a sallami makaɗa.