Wace lamba ake ba lupus na fata a rijistar asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya. An kawo mini katin wata mata, likita ya rubuta "lupus" kawai, a ƙasa ya ce tana da tabo a kunci da fatar kai, gashin wurin ya zube. Na duba ICD-10, littafin lambobin cututtuka, na ga L93, na kuma ga M32. Wanne zan sa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki sa ko ɗaya tukuna. Ɗauki katin ki koma wurin likitan, domin kalmar "lupus" ita kaɗai ba ta isa a ba ta lamba ba.

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kansa. A tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, L93 na lupus ne da ya tsaya a fata. M32 kuwa na wanda ya shiga jiki ne, mai taɓa gaɓoɓi da jini da ƙoda, wani lokacin har da zuciya. Littafin da kansa ya ce kada a sa mai shiga jiki a ƙarƙashin L93. Banbancin ba ƙarami ba ne. Idan kika rubuta M32 ga matar da fatarta kaɗai ke ciwo, kin ɗora mata cutar da ba ta da ita, kuma lambar za ta bi ta duk inda katinta ya je, har ofishin inshorar lafiya.

Abin da kika siffanta ya fi kama da L93.0, wato discoid. Shi ne mai fitowa zagaye kamar kwabo a fuska, cikin kunne ko a kai. A baƙar fata irin tamu tsakiyarsa kan koɗe ya yi fari, bakinsa ya yi duhu, inda ya ci a kai kuma gashi ba ya sake tsirowa. Sau da yawa ana ɗaukarsa makero, a yi ta shafa maganin da ba nasa ba wata da watanni, tabon na ƙara faɗi. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, don da an gane shi da wuri da an ceci gashin.

L93.1 na subacute ne: jajayen ƙuraje masu zobe ko ɓawo a inda rana ke duka, kafaɗa, ƙirji da hannuwa, kuma galibi ba ya barin tabo mai zurfi. Wasu magunguna kan tayar da shi, irin su hydrochlorothiazide na hawan jini. In likita ya tabbatar magani ne sila, sai ki ƙara lambar da ke nuna maganin. L93.2 kuma na sauran ne, kamar profundus da ke cin kitsen ƙarƙashin fata ya bar rami.

Akwai tarko biyu da suna ke ɗanawa. Lupus vulgaris tarin fuka ne na fata, lambarsa A18.4. Lupus pernio kuma sarcoidosis ne, wata cutar kumburi daban da kan taɓa huhu da fata, yana D86.3. Sunan ne kawai ya haɗa su.

Da kin je wurin likitan, ki tambaye shi ko an yi gwajin jini na ANA, mai taimakawa wajen gano lupus na cikin jiki, da na fitsari, ko an yanki ɗan ɓangaren fatar an duba. Mai discoid na iya zama tana da na cikin jiki a lokaci guda, musamman in tana kukan ciwon gaɓoɓi, gyambon baki ko kumburin ƙafa. In haka ne, M32 ce babbar lambar, in kuma ya taɓa ƙoda, M32.1. Ki roƙe shi ya rubuta cikakken sunan cutar da hannunsa a katin, ya sa kwanan wata, sannan ki ba ta lamba.