Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ya ƙone

'Yar'uwa, Allah Ya ba maigidanki lafiya. Kin ce ya ƙone a ƙirji da hannuwa, yana ta ramewa, kuma madarar gwangwanin da aka rubuta masa ta fi ƙarfinku, kina tambayar abin da za ki riƙa ba shi a madadinta. Na yi jinyar ƙanena a kan irin wannan lalurar, shi ya sa na kasa wuce tambayarki.

Abin da ya fi ƙona mini rai a jinyarmu shi ne wata babba a danginmu da ta hana a ba shi ƙwai da gyaɗa da kifi, wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Ina kawowa tana ɗauke kwanon, kuma ba wanda ya isa ya musa mata. Ranar da aka kwance bandejin aka ce fatar da aka dasa ba ta kama ba, na dubi ƙashin wuyansa duk a waje, na fita baranda na yi kuka. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi, domin ruwan da ciwon ke fitarwa furotin, wato sinadarin gina jiki, yake tafiya da shi, kuma abin da ta hana shi ne zai mayar da shi.

Babban da ya ƙone sosai yana bukatar furotin giram 1.5 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato mai kilo 60 yana neman giram 90 zuwa 120, alhali ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne kawai. Ki soya waken soya ki sheƙe dusar, ki haɗa da soyayyiyar gyaɗa da gero ko masara a niƙa, ki riƙa dama kunu mai kauri da madara da cokalin mai, ki murmushe dafaffen ƙwai a ciki. Ɗanyen ƙwai kam kada ki kuskura. Ki tsince gyaɗar da ta yi funfuna, kuma kunun da ya wuce awa 2 a ajiye ki zubar.

Ki ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace awa 2 ko 3, amma ban da lokacin da aka gama wankin ciwo, domin raɗaɗi ba zai bar shi ya haɗiye ba. Ki haɗa masa da lemon zaƙi saboda bitamin C. Idan ta robar hanci ake ba shi, ko yana da ciwon sukari ko na ƙoda, sai likita ya amince da haɗin tukuna. Ke ma don Allah ki riƙa cin abinci, ki nemi mai karɓarki da dare.