Tambaya da Amsa: Injin CNC ɗinmu na yanka abin da ban zana ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni yaron shago ne a wani wajen kafintoci a Kaduna, oganmu ya sayo injin CNC, wato injin yanka katako da kwamfuta ke sarrafawa, irin 1325 ɗin nan mai aiki da manhajar Mach3 kuma ni aka ɗora a kai. Akwai wani da yake zana mana ƙofofi da kan gado a manhajar AutoCAD ya turo min fayil ɗin zanen, wato DXF, ta WhatsApp ni kuma in buɗe a manhajar ArtCAM in fitar da G-code, wato umarnin da injin yake bi. To wlh abin ya isheni, wani lokacin ƙofa guda sai ta buɗe 'yar mitsitsiya, wani lokacin injin ya bi layi ɗaya sau biyu, sannan shekaranjiya ana cikin yankan fulawar tsakiyar ƙofa kawai ya zabga wani ƙaton zobe ya ratsa allon gaba ɗaya. Allon MDF biyu kenan na ɓata, oga yace na uku daga kuɗina za a cire. Injin ne ya lalace ko a kira injiniya? Dan Allah a taimaka. (Wani makaranci daga Kaduna)

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka fara kwantar da hankalinka, ka kuma ce wa oga kar ya kashe kuɗin injiniya tukuna, injinku lafiyarsa ƙalau. Injin da ya iya zabga zobe mai kyau har ya ratsa allo ai ba mara lafiya bane, abin da aka gaya masa yayi. Kaga shi CNC bai san zane ba, bai san ƙofa ba bai san fulawa ba, lambobi kawai yake karantawa, je nan, sauka milimita kaza, juya haka. Tsakanin zanen wancan bawan Allah da injinka akwai tafinta har biyu, DXF ɗin da kuma abin da ake cewa fos-furosesa wato wanda ke rubuta G-code da yaren da injinka yake ji, kuma duk ukun da ka lissafa a wajen tafintan nan suke.

Bari in fara da zoben tunda shine ya ci maka allo. Idan ka buɗe fayil ɗin G-code da Notepad zakaga layuka masu fara da G02 ko G03, waɗannan sune lanƙwasa, G02 bin hannun agogo G03 akasinsa, kuma a ƙarshen layin akwai I da J. I da J ɗin nan suna gaya wa injin inda cibiyar lanƙwasar take. Rigimar ita ce daga ina za a auna cibiyar, daga inda bakin yankan yake tsaye a lokacin ko daga sifilin aikin can kusurwar allo. Yawancin fos-furosesa daga inda bakin yankan yake tsaye suke aunawa, to idan Mach3 ɗinka an saita shi akan ɗaya hanyar sai ya ɗauko cibiya daga wata uwa duniya, 'yar lanƙwasar ganyen fulawa ta koma zoben da yafi faranti, ko kuma ya tsaya cak ya rubuto maka cewa radiyos ɗin farko da na ƙarshe basu zo ɗaya ba. Maganin bai kai minti biyu ba, a Mach3 shiga Config, General Config, nemi IJ Mode ka mayar da shi Inc. Ko ka sa G91.1 a layin farko na fayil ɗin. Sannan dan Allah ka duba wane fos-furosesa kake zaɓa lokacin sebin, na sha ganin yara sun bar shi akan duk wanda suka tarar, alhali akwai na Mach mai milimita a jerin. Kuma abin haushin ma zoben nan yana fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta cikin Mach3 tun kafin ka danna Cycle Start, maɓallin fara aiki, kallo ɗaya da ya cece ka.

Batun ƙanƙancewa kuwa inci da milimita ne, ba wani abu ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Mai zanenku inaga da inci yake aiki, ya zana ƙofa 36 da 80, kai kuma ka buɗe a milimita, shikenan ƙofar ta dawo milimita 36 da 80, ko tafin hannu bata cika ba. DXF tsohon abu ne, tun 1982 Autodesk suka fito da shi, kuma tsofaffin nau'insa lamba kawai suke ɗauka basa faɗin awon da aka yi amfani da shi. Abin da nake sa masu turo min zane suyi shine su zana ɗan murabba'i milimita 100 da 100 a gefe, ina buɗewa shi zan fara aunawa, in ya zo daidai in goge shi in ci gaba. A G-code ɗin ma ka duba sama, G21 milimita, G20 inci.

Bin layi sau biyu kuma layuka ne biyu kwance akan juna, ido baya gani, yawanci garin kofi da fes ake samunsu. Ka ce wa mai zanen kafin ya turo ya zaɓi komai ya rubuta OVERKILL, zai share masu maimaici, sai JOIN don haɗe bakin layukan da basu haɗu ba, don layin da bakinsa yake buɗe ko da rabin milimita ne ArtCAM ba zai san ciki da waje ba balle ya ƙwaƙule maka tsakiya. Ya cire lambobin awo da hacin, wato layukan cike zane, da sunan kwastoma duk, kai layin yanka kawai kake buƙata.

Ni dai har yau sabon fayil bana sa masa allo kai tsaye, ina ɗaga Z, wato tsayin bakin yankan, sama kamar milimita 50 in bar injin ya gama rawarsa a iska ina kallo hannuna na kusa da jan maɓallin nan na tsayar da inji cikin gaggawa. Eh yana cin man janareta, amma ka tambayi oga nawa allon MDF mai kauri 18 yake yanzu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ina yin allunan suna da akirilik, a CorelDRAW nake rubutu in kai wa masu inji. In sun buɗe sai rubutun ya ɓace ko ƙ da ɗ su koma akwati. (Wata makaranciya daga Kano)

AMSA: Hajiya barka kadai. Font ɗin da ke kwamfutarki babu shi a tasu, wani ma ko suna da irinsa bashi da haruffanmu masu ƙugiya. Kafin ki fitar da DXF ki zaɓi rubutun ki danna Ctrl da Q, zai koma zane zalla, babu ruwansa da font kuma. Haka ma rubutun Larabci ko ajami, in ba haka ba haruffan sai su rarrabu. Amma ki ajiye kofi ɗaya da ba ki juya ba, don da zarar ya koma zane ba a iya gyara harafi, kuma kin san masu biki, sai an gama suce ai sunan amarya da "h" a ƙarshe.